Asibitin da Ba Ya Korar Kowa: Tarihin Bellevue na Birnin New York

Kusan kowane babban birni yana da wani asibiti guda da kowa ya san hanyarsa, ko da bai taɓa kwanciya a ciki ba. Can ake kai wanda mota ta buge ba a san danginsa ba, can ake tura wanda asibitin kuɗi ya duba aljihunsa ya ce ya gwada gaba. Mutane su yi ta ƙorafi a kansa saboda cunkoso da dogon layi, amma ranar da annoba ta faɗo gari, can ɗin dai kowa ke nufa. A birnin New York na Amurka sunan wannan asibiti Bellevue, ana furta shi kamar Belbiyu. Shi ne asibitin gwamnati mafi daɗewa a ƙasar. Ya ma girmi ƙasar kanta da shekara 40, domin a 1736 aka buɗe shi, Amurka kuwa sai 1776 ta ayyana 'yancin kanta.

Abin da ya sa tarihinsa ya shafe ka, mai karatu, shi ne abubuwa da dama da kake gani a asibitin garinku ka ɗauka haka aka same su, kamar motar ɗaukar marasa lafiya, da nas ɗin da ta yi makaranta, da foldar da ake rubuta bayanin ciwonka, akwai hannun wannan asibiti wajen kafuwarsu. Kuma idan ka bi diddigi, za ka ga kusan duka sun samo asali ne daga ƙa'ida ɗaya: Bellevue ba shi da ikon cewa mara lafiya ya koma gida don ba shi da kuɗi.

Gadaje shida a gidan gajiyayyu

Farkonsa ba abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ne guda mai gadaje 6 a saman benen gidan gajiyayyu na birnin, inda ake tara marayu da tsofaffin da ba su da kowa da masu taɓin hankali da ƙananan masu laifi. Ka sani fa a wancan zamani mai hali ba ya zuwa asibiti. Likita ake kira masa har gida, ko tiyata ce a kan teburin gidansa za a yi. Asibiti wurin wanda ya rasa mai jinya ne. Ko da aka buɗe asibiti mai zaman kansa a birnin a 1791, yana da damar ya zaɓi wanda yake so. Mashayi, da mai cuta mai yaɗuwa, da wanda aka ga ba zai tashi ba, duk sai a sallamo su. Ina za su? Gidan gajiyayyu.

Sunan Bellevue annoba ce ta kawo shi. A shekarun 1790 zazzaɓin shawara ya riƙa afka wa birnin duk lokacin zafi, na 1798 kaɗai ya kashe mutum wajen 2,000. Hukuma ta nemi wuri a bayan gari da za ta riƙa kai masu cutar, sai ta samu wata gona a bakin kogi mai suna Belle Vue, wato kyakkyawan hange da Faransanci. Wani matashi ɗan shekara 20 mai suna Alexander Anderson, wanda bai ma gama koyon likitanci ba, shi ya karɓi aikin kula da wurin a 1795, saboda manyan likitoci ba sa so. A annobar 1798 ya sake komawa. A wannan shekara ya rasa ɗansa da matarsa da iyayensa biyu da ɗan'uwansa. Daga baya ya bar likitanci ya koma sana'ar zane.

Likitocin lokacin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce daga shara da ruɓaɓɓun abubuwa ke kawo cutar. Sun lura cewa wanda ya gudu daga unguwannin bakin ruwa yakan tsira, kuma da zarar sanyi ya sauka cutar sai ta ɗauke. Lurar tasu daidai ce, fassarar ce ta kauce. Sauro ne, wani nau'i mai zanen fari a ƙafafu da ke ƙyanƙyasa a ruwan da aka adana a ganga ko tulu. Ba ya tafiya mai nisa, shi ya sa gudu ke amfani, kuma sanyi mai tsanani na kashe shi. Sai a 1881 likitan Kuba Carlos Finlay ya kawo wannan bayani, aka tabbatar da shi a 1900. Af, allurar shawarar nan da ake ba ka katin shaidarta kafin tafiya waje, asalinta daga jinin wani ɗan Gana mai suna Asibi aka samo ƙwayar cutar da aka haɗa ta da ita, a 1927.

Littafin rajista da ya canza dokar birni

A tsakiyar shekarun 1840 yunwa ta faɗa wa ƙasar Ailan bayan cuta ta lalata dankalinsu. Dubun dubatar mutane suka tsallaka teku zuwa New York, suka cunkushe a gidajen haya marasa iska da ruwa. Tare da su aka samu annobar taifus. Kar ka haɗa shi da taifod da muka sani, wanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa da abinci. Shi taifus ƙwarƙwatar jiki ce ke yaɗa shi. Ƙwarƙwata ta sha jinin mai cutar, ta koma jikin wani, ta yi kashi a fatarsa, shi kuma garin susa ya cusa ƙwayoyin cutar cikin jininsa. Saboda haka duk inda aka cunkushe ba wanka ba canjin kaya, nan ne gidansa. Wannan bayanin ma sai 1909 aka gano shi, a Tunisiya. A Bellevue cutar ta kashe marasa lafiya, ta kashe matasan likitocin da ke duba su.

A nan ne wani likita mai suna Stephen Smith ya yi abin da a ganina ya fi duk wata tiyata da aka yi a asibitin muhimmanci. A shekarun 1850 yana kula da masu taifus, sai ya zauna ya duba littafin rajistar waɗanda ake kawowa. Ya ga adireshi ɗaya na ta maimaita kansa, wani gida a kan titi na 22. Ya taka ya je. Ya tarar da gida ba ƙofofin kirki, najasa ta cika ƙasa, iyalai a cushe kan tsummokara. Ya nemo mai gidan, wani attajiri, mutumin ya ƙi gyarawa. Ya je wurin 'yan sanda, suka ce babu dokar da za su kama shi da ita. Sai da editan wata jarida, William Cullen Bryant, ya yi barazanar fallasa shi sannan ya gyara gidan.

Smith bai tsaya nan ba. Shi da wasu likitoci suka bi birnin unguwa-unguwa suna rubuta halin da gidaje da magudanai ke ciki, suka fitar da rahoto a 1865. A 1866 aka yi dokar da ta kafa hukumar lafiya mai ikon tilasta tsafta a birnin. A shekarar kuwa kwalara ta iso. A 1849 ta kashe fiye da mutum 5,000 a New York, amma a 1866, duk da mutanen birnin sun ƙaru sosai, waɗanda ta kashe ba su kai rabin haka ba.

Ka lura da abin da ya faru. Smith bai san ƙwarƙwata ce ba, ba shi da maganin cutar. Abin da yake da shi kawai littafin da aka rubuta inda kowane mara lafiya ya fito. Kuma littafin ya yi amfani ne saboda asibitin na karɓar kowa. Asibitin da ke tace marasa lafiya ba zai taɓa ganin hoton birni yadda yake ba, zai ga na masu kuɗi ne kawai. Idan ma'aikacin kati ya dame ka da tambayar unguwarku da lambar gida, to ga amfaninta.

Doki, nas da tanti

A 1869 wani likita da ya yi aiki a yaƙin basasar Amurka, Edward Dalton, ya kawo dabarar da ya gani a fagen daga. Keken doki ne mai ɗauke da matashin likita da kayan ɗaurin karaya da maganin kashe zafi, ana kiransa ta wayar talgiram daga ofishin 'yan sanda. Birnin Cincinnati ya riga su fara irin wannan da 'yan shekaru, amma tsarin Bellevue ne sauran birane suka kwaikwaya. Kafin nan, wanda ya faɗo daga gini sai dai a nemi amalanke.

Batun jinya ya fi ban mamaki. Har zuwa farkon shekarun 1870, da yawa daga masu jinyar marasa lafiya a Bellevue mata ne da kotu ta ɗaure na kwana 10 saboda maye, aka turo su su yi zaman hukuncinsu suna aiki a ɗakunan kwanciya. Wata mata mai suna Louisa Lee Schuyler ta haɗa ƙungiyar mata suka riƙa kai ziyara, abin da suka gani ya tayar musu da hankali. A 1873 aka buɗe makarantar koyon jinya bisa tsarin Florence Nightingale ta Ingila, ɗaya daga cikin na farko a Amurka. Wata nas da ke kula da aikin dare, Linda Richards, ita ta tsara yadda za a riƙa rubuta bayanin kowane mara lafiya daban, domin likitan safe ya san abin da ya faru da dare ba sai an dogara da wai-wai ba.

Sai rikicin ƙwayoyin cuta. Tun 1867 Joseph Lister ya nuna cewa tsabtace rauni da kayan tiyata da sinadarin kabolik na rage mutuwa, amma manyan likitocin Amurka da dama, har da wasu na Bellevue, suka mai da abin wasa. Wai ta yaya abin da ido ba ya gani zai kashe ƙato? A Yulin 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield. Harsashin bai taɓa wata gaɓar da za ta kashe shi nan take ba. Likitoci, ciki har da Frank Hamilton na Bellevue, suka yi ta lalube cikin raunin da yatsu da ƙarafan da ba a tsabtace ba. Raunin ya yi ruwa, ya rasu a watan Satumba. 'Yan shekaru bayan haka wani matashin likitan tiyata, William Halsted, ya ga ɗakunan tiyatar Bellevue sun yi ƙazantar da ba zai iya aiki a ciki ba, sai ya kafa babban tanti a harabar asibitin yana tiyatarsa a can. Shi ne daga baya, a asibitin Johns Hopkins, ya kawo safar hannu ta roba ɗakin tiyata.

Yadda aka auna aikin zuciya

Binciken da ya fi ɗaga sunan Bellevue a kimiyya ya faru ne a farkon shekarun 1940. Matsalar ita ce, ta yaya za ka san yawan jinin da zuciyar mutum mai rai ke turawa a minti ɗaya? Tun 1870 wani Bajamushe, Adolf Fick, ya kawo lissafin. Ka auna yawan iskar oksijin da mutum ke shaƙa jikinsa ya riƙe a minti ɗaya, a ce mililita 250. Sannan ka auna bambancin oksijin tsakanin jinin da ya fito daga huhu da wanda ke komawa huhu, a ce kowace lita ta jini ta ɗauki mililita 50. To lita nawa ta wuce ta huhu kafin a kwashe 250? Raba 250 da 50, ka samu lita 5 a minti. Haka kuwa zuciyar baligi ke yi idan yana hutawa.

Lissafi mai sauƙi, amma akwai cikas. Jinin da ya dawo daga ƙafa da wanda ya dawo daga ƙoda ko kai ba su da oksijin iri ɗaya, kowace gaɓa da yadda take ci. Sai ka samu wurin da duka suka gauraya, wurin kuwa shi ne ɓangaren dama na zuciya. Wa zai sa hannu can? A 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoto ya tabbatar. Maimakon yabo sai manyansa suka yi masa ca, aka watsar da batun. André Cournand da Dickinson Richards ne suka ɗauko shi a sashen cututtukan ƙirji na Bellevue, suka nuna ana iya yin haka ba tare da cutarwa ba, suka auna jini da ƙarfin bugunsa a cikin zuciyar masu ciwon huhu da masu ciwon zuciya da waɗanda suka zubar da jini bayan haɗari. A 1956 aka ba su ukun kyautar Nobel. Duk wani aikin da ake yi yau na buɗe toshewar jijiyar zuciya ta bututu ba tare da an tsaga ƙirji ba, daga nan ya taso.

To amma a jikin wa aka koyi duk wannan? Talakawa. Wannan shi ne ɓangaren da bai kamata a tsallake ba. Manyan likitoci sun yi ta rububin aiki kyauta a Bellevue ne saboda can ne ake ganin kowace irin cuta, kuma can ne mara lafiya ba shi da bakin cewa a'a. A 1854 jihar New York ta yi dokar da ta ba makarantun likitanci gawar duk talakan da ya mutu ba wanda ya zo ɗauka, su fede su koyi aiki. A shekarun 1940 likitar ƙwaƙwalwa Lauretta Bender ta yi wa yara kusan 100 jinyar jona lantarki a kai a sashen masu taɓin hankali, wasunsu ba su kai shekara 10 ba. Takardar amincewa da ake ba ka ka sa hannu kafin tiyata ko bincike, da kwamitin da ke tantance kowane bincike kafin mu taɓa ko mutum ɗaya, irin waɗannan abubuwa ne suka haifar da su. Masu bincike mukan yi ƙorafin suna ɓata mana lokaci. Ni dai na gwammace ɓata lokacin.

Ƙanjamau, tarin fuka da ruwan da ya ci janareto

Ka san Amurka ba ta da tsarin lafiya kyauta ga kowa, yawanci inshora ce ke biya, kuma miliyoyin mutane ba su da ita. Sai a 1986 ma aka yi dokar da ta hana asibitoci korar wanda ya zo a halin gaggawa don ba shi da kuɗi. Shi ya sa da cutar ƙanjamau ta ɓulla a farkon shekarun 1980, lokacin da ba a san sababinta ba kuma wasu ma'aikatan lafiya na tsoron ko shiga ɗakin mai ita, Bellevue na cikin asibitocin da suka fi ɗaukar nauyinta a duk ƙasar.

Bayanta tarin fuka ya biyo. A shekarun 1970 birnin ya shiga matsin tattalin arziki, aka zaftare kuɗin yaƙi da cutar saboda ana ganin an gama da ita. Ga ƙanjamau na raunana garkuwar jiki, ga marasa matsuguni na kwana a cunkushe. Mafi muni, mutane da yawa na fara magani su bari da zarar tari ya lafa. A lokacin, maganin tarin fuka na aƙalla wata 6 ne. Makonnin farko yana kashe ƙwayoyin da suka fi rauni, mutum ya ji ya warke. Idan ya tsaya nan ko ya riƙa sha yana tsallakewa, waɗanda suka rage su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa, kuma su zai tofa wa na kusa da shi. A 1992 an samu masu cutar fiye da 3,800 a birnin, da yawa da nau'in da ba ya jin magani. Abin da ya karya lagon annobar shi ne tsarin da ma'aikaci zai tsaya ya ga mara lafiya ya haɗiye maganinsa da idonsa, irin wanda ake yi a cibiyoyin tarin fuka na Najeriya. Bellevue kuma ya gina ɗakunan killacewa na musamman, inda na'ura ke zuƙe iskar ɗakin kullum ta yadda idan an buɗe ƙofa iska ciki take shiga, ba ta fitowa baranda.

A ƙarshen Oktoban 2012 guguwar Sandy ta turo ruwan kogi cikin ginin ƙarƙashin ƙasa na asibitin. Janaretocin suna hawa na 13, ruwa bai kai gare su ba, amma injinan da ke tura musu mai suna can ƙasa, suka nutse. Ma'aikata suka jeru a kan matakala suna miƙa wa juna jarkokin mai hannu da hannu har hawa na 13. Duk da haka dole aka kwashe marasa lafiya fiye da 700, da yawa a ɗauke ta matakala saboda lifta ba ta aiki. Karo na farko ke nan da asibitin ya rufe tun 1736, bai dawo da cikakken aiki ba sai Fabrairun 2013.

Shekara biyu bayan haka Ebola ta ɓarke a Afirka ta Yamma. Za ka tuna yadda ta shigo Legas a Yulin 2014, da yadda Dakta Stella Adadevoh ta hana mai cutar fita daga asibiti, abin da ya ci ranta. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Kwana uku bayan haka, ranar 23 ga wata, aka kai wani likita mai suna Craig Spencer Bellevue da zazzaɓi, bai daɗe da dawowa daga aikin sa-kai a ƙasar Gini ba. Gwaji ya nuna Ebola ce. Ɗakunan nan da aka gina saboda tarin fuka shekara 20 da suka wuce, cikinsu aka kwantar da shi. A gari kuwa tsoro ya sa wasu suka riƙa gudun ma'aikatan asibitin, har sai da magajin gari ya fito ya tsawatar. Ranar 11 ga Nuwamba aka sallami Spencer ya warke, kuma cikin duk waɗanda suka yi jinyarsa babu ko ɗaya da ya kamu.